Daga lambar agana zuwa gwajin Madarunfa: waiwaye kan rigakafi a Maradi

Dattijon da ya haura shekara sittin a Maradi, in ya naɗe hannun rigarsa, da wuya a rasa wani ɗan tabo a damtsensa. Lambar agana ke nan. Yawanci an yi musu ita ne a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da ƙasashe ashirin na yammaci da tsakiyar Afirka suka tasam ma cutar, ma'aikata na bin kasuwanni da wata bindigar allura da ake taka ta da ƙafa. Mai gari ya sa a yi shela, a jeru, a wuce. Ba a buƙaci dogon bayani ba, don kowa ya san agana, ya ga makafin da ta bari da masu zanzana a fuska. Kuma maganin busasshe ne, zafin Sahel bai cika lalata shi ba. A 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da cewa agana ta ƙare a doron ƙasa.

Wancan sauƙin bai sake samuwa ba. Tun daga nan, aikin rigakafi a jihar Maradi yana fama da neman abu biyu, sanyi da yarda.

A 1987 Nijar ta fara babban shirinta na rigakafin yara, wanda ma'aikatan likita ke kira PEV, a kan cututtuka shida: tarin fuka, shan inna, ƙyanda, tarin shiƙa, maƙarau da sarƙe-haƙora. Wannan ba allura ɗaya ba ce a yi a manta. Sai uwa ta dawo da jariri a sati shida, da goma, da sha huɗu, sannan a wata tara, da karne, wato katin rigakafi, a hannu. Magungunan kuma sai an adana su tsakanin digiri 2 da 8, a ƙasar da zafin watan Afrilu ke wuce 40. Firji mai kananzir ko gas, akwatin ƙanƙara a bayan babur a hanyar Dakoro ko Mayahi, su ne ainihin aikin, kafin firji mai hasken rana ya zo. A 2006, zamanin Tandja Mamadu, aka mai da kula da lafiyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, abin da ya ƙara jawo mata zuwa likita, ko da yake kuɗin da gwamnati ke biyan likitocin ya sha yin jinkiri.

Maganar yarda ta fi wuya, kuma ba a Maradi aka fara ɓata ta ba. A annobar sanƙarau ta 1995, cikin tallafin alluran da ya shigo Nijar daga Najeriya an gano na jabu, bayan an riga an yi wa mutum wajen dubu sittin. Shekara ɗaya bayan haka, a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan ɗari biyu masu sanƙarau, wajen rabinsu ne aka bai wa shi, sha ɗaya daga cikin ɗari biyun suka rasu, aka yi ta shari'a shekara da shekaru a kan ko an nemi iznin iyayensu yadda ya kamata. Trovan ba rigakafi ba ne, magani ne, amma a zauren hira wa ya tsaya bambancewa?

Da wannan tabon aka shiga 2003, lokacin da gwamnatin Ibrahim Shekarau ta dakatar da ɗigon shan inna a Kano, bisa zargin cewa an sa masa abin hana haihuwa. Zamfara da Kaduna ma suka dakatar na wani lokaci. Kano ba ta dawo ba sai a Yulin 2004, da aka kawo maganin daga Indonesiya. A 'yan shekarun da suka biyo bayan dakatarwar, ƙwayar cutar ta bazu zuwa ƙasashe wajen ashirin. Daga Maradi zuwa iyaka tafiyar kilomita hamsin ce ko ƙasa da haka, ta Ɗan Isa a faɗa Jibiya. Kasuwa ɗaya ake ci, aure ɗaya ake ɗaurawa, kaset ɗin wa'azin da aka saurara a Katsina da safe, da marece yana Madarunfa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Ba na cikin masu cewa jahilci ne kawai ya sa magidanta suka riƙa ɓoye 'ya'yansu a ɗaka. Akwai tsohuwar fahimta, gaskiya ne, sunan cutar ma ya faɗa: Inna ce ta sha ƙafar yaro, kuma ba a yi wa iska allura. Amma tambayar da aka fi jefa wa masu ɗigo mai ma'ana ce: zazzaɓi na kashe mana yara kowace damina, maganinsa sai mun saya, me ya sa wannan kaɗai ake biyo mu da shi har gida, kyauta, sau da yawa a shekara? Hukuma ba ta da amsa mai gamsarwa a lokacin. Abin da ya yi aiki shi ne shigowar sarakunan gargajiya da limamai, masarautar Katsinan Maradi da ta Gobir a Tibiri da hakimansu, da kuma haɗa ɗigon da sinadarin bitamin A da gidan sauro. A Fabrairun 2006 aka cire Nijar daga jerin ƙasashen da shan inna ke da gindin zama, ko da yake ta ci gaba da tsallako iyaka jefi-jefi. A Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Zagayen ɗigo da ake yi har yau na wani nau'i ne da ke ɓulla inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba.

Sanƙarau kuwa ba ta buƙatar wa'azi, kowa ya san taurin wuya a lokacin hunturu. A Disambar 2010 Burkina Faso da Mali da Nijar suka fara allurar MenAfriVac ga 'yan shekara 1 zuwa 29, nau'in A da ya addabi yankin ya kusa ɓacewa. Sai ga nau'in C a 2015, ya kama mutum fiye da dubu takwas a Nijar, ya kashe sama da ɗari biyar, allurarsa ta yi ƙaranci.

Inda aka fi yin rauni har yanzu shi ne allurar ƙyanda. Zuwa wata tara an daina ɗokin jariri, wata uwar ta sake samun ciki, in ya faɗo cikin damina kuma gona ta ɗauke kowa. Ga 'yan gudun hijirar da suka kwararo yankin Gidan Runji daga Sakkwato da Zamfara tun 2019, da yawa ba karne.

A cikin wannan hali ne Madarunfa ta yi wani abin da ba a cika ba da labarinsa ba. Daga 2014, cibiyar bincike ta Epicentre, reshen ƙungiyar likitocin MSF da ke da ofis a Maradi, tare da ma'aikatar lafiya, suka gwada wani sabon ɗigon rigakafin zawon jarirai, na ƙwayar rota, wanda kamfanin Serum na Indiya ya haɗa. Jarirai fiye da dubu uku da ɗari biyar ne aka gina sakamakon a kansu, kowanne da iznin iyayensa, shekara goma sha takwas kacal bayan abin da ya faru a Kano. Sakamakon da ya fito a Maris na 2017 ya nuna ɗigon ya rage zawo mai tsanani da kusan kashi biyu cikin uku. Kuma yana iya yin wata shida a zafin digiri 40 bai lalace ba. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi da sunan Rotasiil, yanzu haka ana ɗiga wa jarirai shi a Indiya da wasu ƙasashen Afirka.