Ɓacewar Asusu a Binciken Kundin LDAP

Ɓacewar asusu a binciken kundi matsala ce ta hanyar sadarwar kwamfuta a ma'aikatu, inda manhaja ke tambayar kundin da ke riƙe da sunayen masu amfani, amsa ta dawo, amma a rasa wasu mutane a ciki alhali asusunsu na nan daram. Abin da ya sa take da wuyar ganewa shi ne ba kasafai take zuwa da saƙon kuskure a fili ba. Jerin sunaye zai fito kamar cikakke, sai ranar da wani ma'aikaci ya kasa buɗe imel ɗinsa sannan a farga.

Asali

Yawancin irin waɗannan kundaye da ƙa'idar LDAP ake tambayarsu, wato tsarin da manhaja ke bi wajen neman bayanai a kundi. An fara wallafa ta a 1993, ta samo asali daga wani tsarin kundi da ya gabace ta mai suna X.500, kuma masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka sun taka rawa wajen samar da ita. Sigarta ta uku ta fito a 1997. Fitattun manhajojin da ke aiki da ita su ne OpenLDAP, da aka fara a 1998, da Active Directory na kamfanin Microsoft, wanda ya zo tare da Windows 2000. Kundin yana da siffar bishiya mai rassa, kuma kowace tambaya tana faɗin inda za a fara nema, da zurfin da za a shiga, da rariyar da za ta tace sakamako.

Iyakar adadi

Wannan ne dalilin da ya fi yaudarar mutane. A saitinsa na asali, Active Directory ba ya mayar da fiye da sakamako 1000 ga tambaya guda, OpenLDAP kuma 500. Idan an haura, sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da kundin, takan miƙa abin da ya samu tare da lambar amsa 4, wadda ke nufin an wuce iyaka. Manhajoji da dama ba sa duba wannan lamba, sai su ɗauki guntun jerin a matsayin duka.

A ɗauki misalin makaranta a Katsina da ke da asusu 900 a bara, komai na tafiya lafiya. Da aka yi rajistar sabbin ɗalibai adadin ya kai 1300, sai mutum 300 suka yi ɓatan dabo daga manhajar laburare, ba tare da an taɓa saitin komai ba. Alamar wannan matsala a bayyane take ga mai lura: adadin sakamakon yakan tsaya cif a kan 1000. Magani shi ne manhajar ta riƙa karɓar amsa shafi-shafi, kamar yadda takardar ƙa'idojin intanet mai lamba RFC 2696 ta 1999 ta tsara. Wasu kan ɗaga iyakar a kan sabar ta hanyar sauya saitin Active Directory mai suna MaxPageSize, amma wannan ɗage matsala ne zuwa gaba, kuma yana ɗora wa sabar nauyi. A Active Directory akwai wata iyakar daban a kan membobin rukuni: idan sun wuce 1500, sai an karɓo su kashi-kashi.

Wurin farawa da zurfi

Idan ma'aikata ta ware reshe ga kowace ƙaramar hukuma cikin 34 na jihar Katsina, tambayar da ta fara daga reshen Katsina ba za ta taɓa ganin wanda aka mayar reshen Daura ba. Haka nan tambayar da aka taƙaita ga mataki ɗaya ba ta leƙa ƙananan rassa. Inda aka raba kundin Active Directory zuwa yanki (domain) fiye da ɗaya, tashar 389, wato ƙofar da aka saba aika tambayar LDAP ta cikinta, yankinta kaɗai take amsawa. Mai son duka sai ya nufi tashar 3268 ta babban kundi, wadda ita kuma wani ɓangare na bayanan kowane asusu kawai take riƙewa.

Rukunai da izini

A Active Directory, sifar memberOf, wadda ke jera rukunan da asusu yake ciki, ba ta nuna rukunin farko na mutum, wanda galibi shi ne Domain Users mai lamba 513, domin a wata sifa daban mai suna primaryGroupID ake ajiye shi. Kuma ba ta bin rukunin da ke cikin wani rukuni, sai an haɗa rariyar da ƙa'idar nema mai lamba 1.2.840.113556.1.4.1941.

Batun izini ya fi wannan dabara. Kundi ba ya cewa "an hana ka gani". Abin da asusun mai tambaya ba shi da ikon karantawa, sai a yi shiru a kansa kamar babu shi. Shi ya sa shugaban sashen kwamfuta zai gwada da asusunsa mai cikakken iko ya ga kowa, manhajar kuma ta gwada da nata ta ga rabi, a yi ta jayayya a banza.

Jinkiri tsakanin sabobi

Sabobin Active Directory da ke wurare daban-daban sukan yi musayar sabbin bayanai duk bayan minti 180 a saitin asali. Asusun da aka buɗe a hedikwata a Katsina da hantsi yana iya kaiwa azahar bai isa sabar Daura ba, balle idan wuta ta ɗauke ko layin intanet ya yanke. Umarnin repadmin yana nuna inda musayar ta maƙale.

Rubutun suna

Nan ne matsalar ta fi shafar ƙasar Hausa, kuma ba a cika ba ta muhimmancin da ya kamata ba. Suna ɗaya yakan shiga kundi da fuska uku: Muhammad, Muhammadu, Mohammed. Sa'adu da Saadu kalmomi biyu ne a wurin kwamfuta. Haruffa masu lanƙwasa kuma suna da lambobinsu daban a tsarin Unicode da ke ba kowane harafi lamba a kwamfuta, don haka wanda ya nemi Danjuma bai kamata ya sa ran ganin Ɗanjuma ba. Ko alamar ɗauri ta cikin Sa'adu iri biyu ce, miƙaƙƙiya da lanƙwasasshiya, kuma idon magatakarda ba zai bambance su a allo ba. Nema da lambar ma'aikaci ko sunan shiga ya fi aminci nesa ba kusa ba.

Yadda ake gano dalili

Ƙwararru sukan ɗauki asusu biyu, ɗaya da ya fito da ɗaya da ya ɓace, su jera bayanansu kafaɗa da kafaɗa. Daga nan sai a maimaita tambayar da manhajar gwaji irin ldapsearch ko ldp.exe, da ainihin asusun da manhajar ke amfani da shi, a kan sabar da take tuntuɓa. Ana farawa da rariya mai faɗin ido daga gindin bishiyar, ana ƙara sharaɗi ɗaya bayan ɗaya. Sharaɗin da asusun ya ɓace a kansa, shi ake bi a gyara.