Nashville da majalisar jiharta: shekaru ana roƙo a kan maganar bindiga

Duk farkon shekara in majalisar dokokin jihar Tennessee za ta koma zama, sai ka ga hukumomin birnin Nashville sun jero abubuwan da suke so a yi musu, kuma maganar bindiga da tsaron makarantu ba ta fita daga ciki. Wanda bai san Amurka ba zai ce to su yi dokarsu mana, ba suna da magajin gari da kansiloli har 40 ba? Ai nan gizo ke saƙar. Tun 1986 jihar ta ce maganar bindiga tata ce ita kaɗai, birni ba shi da hurumin kafa tasa doka, sai dai ya roƙa. Ga shi birnin na 'yan Dimokurat ne, majalisar kuma 'yan Rifablikan sun cika ta maƙil, kuma abin dariya ginin majalisar a tsakiyar Nashville ɗin yake.

In ka waiwaya baya za ka ga kullum sassauci ake ƙarawa. A 2013 aka yarda mai lasisi ya ajiye bindigarsa a cikin mota a wajen fakin, a 2015 aka ƙwace wa birane ikon hana shiga wuraren shaƙatawa da ita, sai 2021 gwamna Bill Lee ya sa hannu a dokar da ta ce mai shekara 21 zuwa sama zai iya yawo da ƙaramar bindiga ko ba lasisi. Abin da ya biyo baya a Nashville shi ne satar bindiga daga motoci, a 2022 kaɗai sama da 1,000 aka sace, mutum ya bar ta a mota ya shige gida ko ƙofar bai kulle ba, da safe babu ita. Shi ya sa dokar ajiye bindiga a wuri mai makulli ta zama abin da birnin da 'yan sandansa suka fi nanatawa.

Sai ranar 27 ga Maris 2023. Wani da ya taɓa karatu a makarantar Covenant da ke Nashville, ta mabiya addinin Kirista, ya harbe gilashin ƙofa ya shiga ya kashe mutum 6, uku yara ne 'yan shekara 9. 'Yan sanda sun kashe maharin cikin kamar minti 14, amma abin da ya tsaya wa mutane a rai shi ne bindigogi 7 da ya saya duk ta halastacciyar hanya ya saye su, alhali yana ganin likita kan matsalar ƙwaƙwalwa. Ɗalibai da iyaye suka cika harabar majalisa, 'yan majalisa uku suka shiga zanga-zangar a cikin zauren da lasifika, aka kori biyu, Justin Jones da Justin Pearson, ita Gloria Johnson da ƙuri'a ɗaya ta sha. Ko mako ba a yi ba kansilolin Nashville suka mayar da Jones kujerarsa, wannan kam suna da ikonsa.

Shi kansa gwamna Lee, da matarsa ta rasa ƙawarta a harin, ya nemi a yi dokar da za ta ba alƙali damar karɓe bindiga na wani lokaci daga hannun wanda ake ganin zai cutar da kansa ko wasu. 'Yan jam'iyyarsa suka yi masa kunnen uwar shegu. Ya kira zama na musamman a watan Agusta, iyayen yaran Covenant suka zo suka zauna, har aka sa jami'ai suka fitar da wasu mata daga ɗakin kwamiti saboda kawai sun ɗaga 'yar takarda mai rubutu, sai da kotu ta shiga maganar. Aka tashi da me? Raba makullin bindiga kyauta da cire haraji a kan akwatin ajiye ta, shi ke nan fa, sai 'yan ƙananan abubuwa.

Amma kuɗin tsaro kam an saki, dala miliyan 230, miliyan 140 daga ciki don a sa ɗan sanda mai makami a kowace makarantar gwamnati. Ni a ganina nan ne zancen yake, duk abin da ya shafi ƙofa da gilashi da kyamara da mai gadi majalisa ba ta jayayya, da zarar an taɓo bindigar kanta sai a rufe baki. A Afrilun 2024 ma sai suka yarda malamai su riƙe bindiga a ɓoye bayan horo na awa 40 in shugaban makaranta da 'yan sanda sun amince, kuma iyaye ba za a gaya musu wane malami ne ba. Hukumar makarantun Nashville ta ce ita dai ba da ita ba.

Memphis, wani birnin na jihar, ta gwada wata hanya a Nuwamban 2024, ta kai maganar taƙaita bindiga gaban masu zaɓe suka amince da gagarumin rinjaye, duk da tun kafin zaɓen shugabannin majalisar jiha sun yi barazanar riƙe mata kuɗin haraji, kuma dokokin suna nan a takarda kawai tunda ta jiha ta danne su.

Ranar 22 ga Janairu 2025 wani ɗalibi ɗan shekara 17 ya harbe ɗaliba 'yar 16 a ɗakin cin abinci na sakandaren Antioch da ke Nashville sannan ya kashe kansa. Makarantar tana da 'yan sanda biyu a ranar, tana da manhajar da aka haɗa da kyamarori wai don ta gano bindiga, ba ta gano ba. Da yaran suka dawo sai suka tarar an girke na'urar bincike a ƙofa, kowa ya bi layi da jakarsa, daga baya aka baza irinta a sauran sakandaren birnin.