Kalmomin Zanen Kwamfuta da Aikin Maɗaba'a

Kalmomin zane da ɗab'i su ne sunayen da mai tsara zane a kwamfuta da ma'aikacin maɗaba'a suke fahimtar juna da su a kan launi, awo, takarda da yanka. Wasunsu matsala ɗaya ce ta haɗa su: abin da ido ke gani a allon kwamfuta haske ne, abin da inji ke fitarwa kuwa tawada ce a kan takarda, kuma ba kasafai biyun suke yin daidai ba.

Launi

Allon kwamfuta da na waya suna aiki da tsarin RGB, wato hasken ja da kore da shuɗi, waɗanda idan suka haɗu gaba ɗaya sai su ba da fari. Injin ɗab'i kuwa CMYK ya sani: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya, sai baƙi. An ƙara baƙin ne saboda haɗa ukun farko ba ya ba da baƙi wuluk, sai wani ruwan ƙasa mai dauɗa, ga ɓarnar tawada. Launukan da tawada ke iya fitarwa ba su kai na haske yawa ba. Shi ya sa shuɗin da ke ɗaukar ido a allo yakan fito a dushe a takarda, mai aiki ya ɗora wa inji laifi alhali tun daga fayil aka kuskure. Kamfanin da ke son launin tambarinsa ya zama iri ɗaya a ko'ina yakan zaɓi lamba daga kundin Pantone, wanda aka fito da shi a Amurka a 1963, a dama masa tawadar musamman.

Kaifin hoto

Hoton kyamara tarin ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel. Yawan ɗigon da ke cikin inci ɗaya shi ake nufi da DPI, kuma 300 aka saba nema ga abin da za a riƙe a hannu a karanta. Hoto mai faɗin fiksel 1200 zai fito tas a inci 4, kusan santimita 10. A ja shi ya cika shafi, sai ya dusashe. Bekta, wato zanen da ba da ɗigo aka haɗa shi ba, ba ta da wannan damuwa, domin layukanta da lissafi aka gina su, don haka tambari ɗaya zai hau katin kasuwanci ya kuma hau allon talla.

Takarda da yanka

GSM nauyin murabba'in mita ɗaya ne na takarda a ma'aunin giram. Takardar ofis 80 ce, katin kasuwanci yakan kai 300 zuwa 350. Girman A4 milimita 210 ne da 297, kuma guda 16 ke fita daga babbar takardar A0.

Bilid ita ce rarar launi da ake bari a wajen layin yanka, galibi milimita 3 a kowane gefe. Wuƙar inji takardu ɗaruruwa take sara a lokaci guda, dole ta ɗan goce. Kati mai milimita 85 da 55 ana tsara shi ne a 91 da 61. In ba haka ba, sai a ga siririn farin layi a bakinsa.

Ofset da furuf

Ofset, wato tsarin ɗab'in da ake buga kwafi masu yawa da shi, ya samo tushe daga dabarar da Alois Senefelder ya gano a Jamus a 1796, cewa mai da ruwa ba sa haɗuwa. Tawada na kama wurin zane a jikin filet, wato farantin da ke ɗauke da zanen, ta koma kan roba, sannan takarda. Kowane launi da nasa filet, kuma haɗa su na cin kuɗi, saboda haka kwafi kaɗan ya fi sauƙi a injin dijital. Furuf shi ne gwajin da wanda ya kawo aikin ke dubawa ya sa hannu kafin a tada inji. Kuskuren da ya wuce nan, a bisa al'adar sana'ar, nasa ne.

Girman harafi da foyin ake auna shi, 72 ke yin inci ɗaya. Tazarar da ke tsakanin layuka kuwa lidin ake ce mata, daga sunan darma a Turanci, domin a zamanin jera haruffan ƙarfe da hannu sillayen darma ake cusawa tsakanin layi da layi.