Rarraba doguwar kalmar Turanci

Rarraba kalma dabara ce ta koyon furuci da ma'ana, inda ake duba kalma ta fuska uku: gaɓoɓinta, gaɓar da murya ke dannawa, da ƙwayoyin ma'anar da aka gina ta da su. A makarantun sakandare ana koyar da ita don jarrabawar furucin Turanci ta WAEC da NECO.

Gaɓa ita ce abin da baki ke fitarwa a bugu ɗaya, kuma wasali ne cibiyarta. Gaɓar Hausa iri uku ce kawai: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwai (wato ai da au), sai baƙi da wasali da baƙi, kamar "kas" a "kassuwa" ta Sakkwatanci. Turanci kuwa yana jera baƙaƙe uku a farkon gaɓa, kamar a "strong". Shi ya sa bakin Bahaushe ke cusa wasali tsakaninsu, har "bread" ya koma burodi, "driver" ya koma direba. Wannan ba gazawa ba ce, ƙa'idar harshensa ce take aiki.

Wurin da ɗalibai suka fi shan wuya shi ne danna gaɓa. Hausa da karin sauti take bambanta kuka na hawaye da kukar miya. Turanci gaɓa ɗaya yake ɗagawa, ya ja ta, ya raunana sauran. Kalmar "international" gaɓa biyar ce, in-ter-na-tion-al, nauyin yana kan ta uku. Kuma nauyin yakan yi ƙaura: a "photograph" yana kan gaɓar farko, a "photography" ta biyu, a "photographic" ta uku. Akwai ƙa'idar da ta cancanci a haddace ta: kalmar da ta ƙare da -tion ko -ic ko -ity, galibi gaɓar da ke gab da ƙarshen nan ake dannawa, kamar a "education" da "ability".

Ta fuskar ma'ana, ana cire ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya, wato ƙarin da aka liƙa a farkon kalma da a ƙarshenta, a bar saiwa, wato tushen kalmar. A "international", inter- daga Latin yake, ma'anarsa tsakani, "nation" ƙasa ce, -al kuma ya mai da kalmar sifa. Hausa ma haka take yi: daga saiwar "rubuta" aka sami marubuci da marubuta. Sai dai iyakar gaɓa ba lallai ta dace da iyakar ƙwayar ma'ana ba, domin "nation" ƙwaya ɗaya ce a nan amma gaɓa biyu.