Zaɓen tsohuwar kat-kat don shiga daji da kwana a waje a yankin Maraɗi

Kat-kat mota ce da injinta ke iya tura tayoyinta huɗu a lokaci guda, shi ya sa take bin rairayi da laka inda ƙaramar mota ke kafewa. A Maraɗi sabuwarta sai hukuma, ƙungiyoyin agaji da manyan alhazai. Mai son ta don kai iyali ƙauye, duba garke a arewa, ko kwana biyu a daji, galibi wadda aka yi aiki da ita yake saye. Irin wannan tafiya ba ta buƙatar mota mafi girma ko mafi tsada. Tana buƙatar mai lafiya, wadda bakaniken Dakoro ko Mayahi zai buɗe ya gane abin da ke ciki, kuma kayan gyaranta na nan a shagunan Maraɗi, in sun yi nisa a Katsina ko Kano.

Ƙasar da motar za ta taka

Yankin Maraɗi ba ƙasar duwatsu ba ce, mafi yawanta jigawa ce. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ta ratsa Gidan Rumji, Tsibiri, Maraɗi, Agye da Tasawa, wata kwaltar ta yi arewa zuwa Dakoro, wata ta yi kudu zuwa Ɗan Isa. Da an sauka daga waɗannan sai burji, daga burji sai hanyar amalanke. Wannan ta ƙarshe ita ke gwada mota: sawun taya biyu sun yi zurfi, tsakiya ta yi tudu, cikin mota marar tsawo ya zauna a kan tudun, tayoyi suna ta juyawa a banza.

Daga Yuni zuwa Satumba Gulbin Maraɗi yana kawo ruwa, fadamun gefensa da na tabkin Madarunfa su zama laka mai santsi. A Afrilu da Mayu kuma zafi yana wuce digiri 40, kuma a lokacin ne rairayi ya fi laushi, inji ya fi shan wahala. Sai ƙayar aduwa da farar ƙaya masu huda taya, da ƙarangiya da busasshiyar ciyawa masu toshe radiyata. Saboda haka tsawon mota daga ƙasa, sanyaya inji da ƙarfin taya sun fi fitilun ado da ƙarafan da ake jibga wa gaban mota muhimmanci.

Wadda ke da ƙaramar giya da wadda ba ta da ita

Ba duk motar da aka rubuta 4x4 a bayanta ce ɗaya ba. Irin su Toyota RAV4 da Honda CR-V gininsu na ƙaramar mota ne da aka ɗaga, ba su da ƙaramar giya ta ja. Sun isa burji da rairayi marar zurfi, kuma ba sa shan mai sosai. Wanda iyakarsa ƙauyukan kusa da kwalta ne da rani ba ya buƙatar fiye da su. Hilux, Land Cruiser, Prado, Nissan Patrol da Mitsubishi L200 kuwa jikinsu a kan shasi na ƙarfe yake zaune, kuma suna da ƙaramar giya, wadda ake yi wa alama da L4 ko makamancin haka. Wannan giya tana rage gudu ta ƙara ƙarfi, ita ce ke fitar da mota daga gulbi ba tare da an ƙona kuloci ba.

A tsofaffin Hilux da Land Cruiser 70, ana tafiya da tayoyin baya kawai a kwalta, sai an shiga rairayi a saka na gaba. Wasu har sai direba ya sauko ya murɗa makullin da ke tsakiyar tayoyin gaba da hannu. Bai kamata a bar irin waɗannan a kat-kat a kan busasshiyar kwalta ba, domin ƙarafan da ke kai ƙarfi ga tayoyi suna ɗaurewa su ci kansu. Motoci da yawa a haka tsofaffin direbobinsu suka lalata su.

Samfurorin da aka fi samu

Toyota ce ta mamaye kasuwar, kuma dalilin ba ya wuce kayan gyara da hannun kanikawa. Land Cruiser 70, wadda aka fara ƙerawa a 1984, da injin gazuwal 1HZ mai lita 4.2 da silinda shida, ba ta da sauri, tana da tauri a zama, amma injin ba shi da tarkacen kwamfuta kuma yana jure man da ba shi da tsabta sosai. Tsadarta ba ta sauka ko ta tsufa, kuma a faɗin Sahel mota ce da ɓarayi ke sa wa ido, musamman mai buɗaɗɗen baya. Ga mai fita shan iska da iyali, ta yi yawa. Land Cruiser 80 ta shekarun 1990 zuwa 1997 da 100 da ta biyo ta sun fi daɗin zama, sai dai masu asansi a cikinsu akwai shan mai.

Prado 90 da 120, na tsakanin 1996 da 2009, su ne matsakaita: wurin zama isasshe, ƙaramar giya, nauyi daidai. Hilux mai ƙofa huɗu ta fi su ɗaukar kaya, kuma tsofaffin injinanta na gazuwal 3L da 5L, da na asansi mai lita 2.7, kowane gareji ya san su. Patrol mai injin TD42 ba ta gaza Land Cruiser ƙarfi ba, kuma takan fi araha, amma wani ƙaramin ƙarfe nata zai iya zaunar da mota a gareji ana jiran saƙo daga Kano. Pajero ma haka, kuma an daina ƙera ta a 2021.

Sababbin injinan gazuwal na Turai, masu matatar hayaƙi a cikin salansa da allurar mai da kwamfuta ke sarrafawa, ba sa shiri da man kwalba na bakin hanya, wanda ƙura ko ruwa kan shiga. Gyaran allurarsu kaɗai yana iya cin kuɗi masu yawa. Tun da matatar Zinder ta fara aiki a 2011 ana samun asansi da gazuwal na gida a gidajen mai na manyan garuruwa, amma a arewacin Dakoro jarka ce abin dogaro.

Inda motar ta fito

Ƴar Kwatano, wato wadda aka sauke a tashar jirgin ruwa daga Turai ko Amurka, takan zo da ciki mai kyau, amma gishirin da ake zuba wa hanyoyinsu lokacin ƙanƙara yana cin shasi daga ƙasa. Tun bayan rufe iyakar Nijar da Benin a 2023 kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta yi tsawo. Motocin da ƙungiyoyi ke gwanjonsu sun sha daji, jikinsu duk ƙwarzane, amma sau da yawa an riƙa canza musu mai a kan kari, wasu ma da littafin gyaransu. Mai lambar Najeriya kuwa sai an tabbatar an biya mata duwan, wato kuɗin kwastam, a Nijar kafin a yi maganar kuɗi. Sayen mota da hoton WhatsApp cinikin biri ne a sama.

Duba mota

A je da bakanike na kai, ba wanda dillali ya kawo ba, kuma a je da sassafe kafin a tada injin. A ɗora hannu a kan injin; in da ɗumi, an riga an tada shi don kada a ga yadda yake tashi da sanyi. Hayaƙi mai shuɗi alamar inji na ƙona baƙin mai ne, fari mai kauri da bai daina ba yakan nuna ruwa na shiga, baƙi kuma matsalar allura ko iska. A buɗe murfin baƙin mai: in ƙarƙashinsa ya yi kamar an zuba madara, ruwa ya gauraya da mai. Inji na aiki a sassauta murfin a bar shi a bakin ramin. In yana tsalle, hayaƙi na bugowa da ƙarfi, injin ya gaji.

Daga nan a kwanta ƙarƙashi da fitila. Sabon baƙin fenti a shasin tsohuwar mota abin tambaya ne, a ƙwanƙwasa da guduma a ji ko ƙarfe ne ko tsatsa. A nemi walda kusa da inda sifirin ke kamawa, da yoyon mai a bayan tayoyin gaba. Lambar kilomita ba abin yarda ba ce, ana mayar da ita baya. Robar feda, sitiyari da kujerar direba sun fi ta faɗin gaskiya. Injinan Toyota irin 1HZ, 3L da 5L bel ne ke daidaita bawul ɗinsu, ana canza shi a wajen kilomita 100,000, kuma in ya tsinke yana iya ɓata injin. In ba shaidar canzawa, a sa kuɗinsa cikin lissafi.

Gwaji a kwalta kaɗai bai isa ba, kuma rairayi ba ya wuya a Maraɗi. A sauka gefen gulbi, a saka H4, wato kat-kat ba tare da ƙaramar giya ba, sannan L4, a murɗa sitiyari ƙarshe a tafi a hankali. Ƙarar ƙas-ƙas daga gaba na nufin gaɓar aksil ta ci. A kunna sanyi, a bar motar tana aiki cikin rana, a sa ido a kan allurar zafi.

Lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17 a yawancin motoci, dole ta yi daidai da ta kart giriz, wato takardar rajistar mota, da takardar duwan. In an ga alamar gogewa ko sabon bugu a wurin, a bar cinikin ko da an sallama da araha. Kada kuma kuɗi su ƙare a saye da la'adar dillali: tayoyi, batir, filtoci da wanke radiyata suna jira.

Lodi da kwana a daji

Kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce, jarkoki huɗu na lita 20 nauyin babban mutum ke nan. A sa ruwa da mai a ƙasa, tsakanin tayoyi, a bar wa rufi tabarmi, tanti da gidan sauro, domin nauyi a sama shi ke kifar da kat-kat a lanƙwasar hanya. Safaya biyu sun fi ɗaya a ƙasar ƙaya. Shebur, igiya mai ƙarfi, katakon da jak zai zauna a kai, da famfon iska sun fi injin jan mota na lantarki amfani inda ba itacen da za a ɗaure. A rairayi mai zurfi ana rage iskar taya zuwa wajen bar 1.5 a ma'aunin iska, a mayar da zarar an hau burji. Ba a ajiye mota mai zafin salansa a kan busasshiyar ciyawa. Gobarar daji a ƙasar makiyaya asarar abincin dabbobi ne na shekara.

Wurin da aka fi nufa shi ne gandun Gadabeji a gundumar Bermo, wanda aka keɓe a 1955, mai faɗin kadada 76,000, UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin yankunanta na kare halittu a 2017. A 2018 an kai raƙuman dawa takwas can daga yankin Kure. Shiga da kwana sai da izinin ma'aikatan gandun daji, kuma lokacin hunturu ya fi dacewa. Kudu da yamma, wajen dajin Baban Rafi da ƙauyukan iyaka na Madarunfa da Gidan Rumji, sun yi fama da ƴan bindiga masu satar shanu da mutane, ba wurin kwana a waje ba ne. Ko ina aka nufa, ana tambayar jandarma halin hanya, a gaida maigari kafin a kafa tanti, kuma a fita da motoci biyu in da hali, don wayar salula tana ɗaukewa a wurare da dama na arewa.