Kiɗa, zane da bukukuwan garin Sawira na Maroko

Sawira, wadda ake rubutawa Essaouira a taswirori, gari ne a gaɓar Tekun Atlantika a ƙasar Maroko, yamma da birnin Marakish. Turawa sun daɗe suna kiransa Mogador. Ba babban birni ba ne, domin ƙidayar 2014 ta samu mutanensa kusan 78,000 ne, amma sunansa ya kai nesa saboda kiɗan Ginawa, wato jikokin bayin da aka kai Maroko daga kudancin Sahara, da masu zane da ba su taɓa shiga makarantar zane ba, da masassaƙan katako, da bukukuwan da ke bin juna tun daga bazara har kaka. Hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2001, sannan a 2019 ta sa shi cikin biranen da suka yi fice a harkar kiɗa.

Abin da ya fi jan hankali a tarihin fasahar wannan gari shi ne hannuwan da ta fito daga cikinsu. Jikokin bayi ne, da masunta, da leburorin tashar jiragen ruwa, da kafintoci. Abin da ake yi wa kallon raini jiya, shi ne yau yake ciyar da garin.

Asalin garin

Turawan Fotugal sun gina ƙaramin sansani a wurin a 1506, ba su daɗe ba suka bar shi. Garin da ake gani yanzu aikin Sarki Sidi Muhammadu ɗan Abdullahi ne, wanda ya sa aka fara gina shi a shekarun 1760 bisa tsarin wani injiniya Bafaranshe mai suna Théodore Cornut. Shi ya sa titunan Sawira suke miƙaƙƙu, ba kamar lungunan Fas ko Marakish ba, kuma ganuwarta ta fuskanci teku da manyan bindigogin tagulla a jere.

Sarkin so yake cinikin ƙasarsa da Turai ya bi ta ƙofa ɗaya da zai iya sa wa ido. Ayarin raƙuma daga Timbuktu kan sauke zinariya da hauren giwa da gashin jimina da ƙaro a nan, har aka riƙa yi wa garin laƙabi da tashar ruwan Timbuktu. Cikin kayan ayarin har da mutane. Sarkin ya kuma tara jama'a daga ko'ina: Larabawan Shiyadma daga arewa, Barbar na ƙabilar Haha daga kudu, sojojin fada baƙaƙen fata, da attajiran Yahudawa da ake kira 'yan kasuwar sarki. Kowane ya zo da muryarsa.

Da Faransa ta karɓi ragamar Maroko a 1912, aka mayar da hankali kan tashar Kasabalanka, kasuwa ta watse wa Sawira. Yahudawan garin suka yi ta ƙaura bayan 1948, galibinsu sun tafi kafin ƙarshen shekarun 1960. Aka bar garin da kamun kifi, da iska mai ƙarfi da mutanensa ke kira taros, da gidaje masu rubzawa.

Ginawa

Ginawa ƙungiya ce ta kiɗa da warkarwa da ta samo asali daga mutanen da aka kwaso daga kudancin Sahara. An kai wasu bayan da sojojin Maroko suka ci daular Songhai a 1591, wasu kuma a hannun fataken bayi cikin ƙarnonin da suka biyo. Ba su da wani shehi da za su jingina silsilarsu gare shi kamar sauran ɗariƙu, sai suka riƙi Sayyidina Bilal, ladanin Manzon Allah, a matsayin ubansu. A Sawira suna da zawiyya mai sunansa, tana jikin ganuwa ta ɓangaren teku, kuma ita ce cibiyarsu mafi shahara a duk Maroko.

Kayan kiɗansu uku ne. Babba a ciki shi ne gimbiri, wanda wasu ke kira hajhuj ko sintir. Bahaushe na ganinsa zai tuna da gurmi ko garaya, sai dai ya fi su girma da kaurin murya. Ana fafe gungumen itace guda a yi ƙwaryarsa mai tsawo, a rufe da fatar wuyan raƙumi, a ɗaura tsirkiya uku ta hanjin akuya, a maƙala wani ɗan ƙarfe mai zobba a ƙarshen sandar domin ya riƙa kaɗawa. Makaɗin yana fizgar tsirkiya da babban yatsa da manuni, a lokaci guda sauran yatsun suna bugun fatar, don haka kaya ɗaya yana yin aikin molo da na ganga. Na biyu shi ne ƙaraƙib, tagwayen ƙarafa da ake riƙewa biyu a kowane hannu, dangin sambanin da matan Hausa ke kaɗawa. Ginawa da kansu kan ce ƙararsa tana tuna musu da sarƙoƙin da aka ɗaure kakanninsu da su. Na uku babbar ganga ce da ake bugawa a waje lokacin zagaye. Suna kiranta tabal, suna kuma kiranta ganga, kamar yadda muke faɗa.

Shugaban makaɗa ana ce masa ma'allam, kalmar da ta fito tushe ɗaya da malam, kuma ba a ba mutum wannan suna sai ya shekara da shekaru yana bin wani. Yaransa su ne masu amshi da rawa. Suna sa riguna masu launi da huluna da aka jera wa wuri, da tuntu a ƙoƙuwa wanda suke juyawa da ɗan motsin wuya kawai, yana wulwulawa kamar farfela alhali jikin mutum yana tsaye cak.

Ainihin aikinsu ba a kan dandamali yake ba. Hidimar dare ce da ake kira lila, wadda ake yi a cikin gida daga bayan isha'i har ketowar alfijir, yawanci domin wani mara lafiya ko mai cika alkawari. Mace ce ke riƙe da ragamar daren, ana ce mata muƙaddama. Ita ke tanadin turaren wuta da madara da dabino da ƙyallaye, ita ke lura da wanda jikinsa ya fara rawa. Ana farawa da zagaye da ganguna, sai a shiga sashen nishaɗi da ake kira 'ya'yan Bambara, inda ake waƙoƙin tunawa da ƙasar da aka baro, ana kiran sunayen Bambara da Fulani da Hausawa, ana kwaikwayon farauta da rawar tsalle. Bayan haka sai a yi salati, a buɗe fage ga iskokin da suke kira muluk. Kowane rukuni da launinsa da turarensa da takensa: fari, shuɗi na Sidi Musa mai ruwa, ja na Sidi Hammu mai alaƙa da mahauta, kore, baƙi, da rawaya na Lalla Mira. Idan aka kaɗa taken wanda ke kan mutum, sai ya taso gaban ma'allam, a lulluɓe shi da ƙyalle mai wannan launin, a kara masa kaskon turare, ya yi ta rawa har ya faɗi.

Wanda ya san bori ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Kamannin a fili suke, kuma ba a Maroko kaɗai ba: 'yan uwan wannan al'ada a Aljeriya da Tunisiya, wato diwan da sitambali, sun fi ma riƙe kalmomin Hausa a waƙoƙinsu. Sai dai kuskure ne a ce Ginawa bori ne da ya yi ƙaura. Tushensa da yawa, akwai na Mande da na Songhai da na Fulani, kuma ƙarnoni a Maroko sun cika shi da Larabci da yabon Annabi da kiran waliyyai. Kamar yadda yake a ƙasar Hausa, akwai malamai da jama'a da dama da ba su yarda da sashen iskokin ba, kuma an daɗe ana ɗaukar makaɗan a matsayin maroƙa masu bin kasuwa da ganga.

Gidan da ya fi suna a Sawira shi ne gidan Giniya. Ma'allam Bubakar ya haifi makaɗa uku, Mahmud da Abdullahi da Mukhtar, mahaifiyarsu A'isha kuwa muƙaddama ce sananniya. Mahmud Giniya, wanda aka haifa a 1951, shi ne ya fi fitar da salon garin waje, musamman bayan faifan da ya yi a 1994 tare da mabushin Amurka Pharoah Sanders. A bikin Ginawa na 2015, yana fama da ciwo, ya hau dandamali ya yi wasa, sannan a gaban dubban jama'a ya miƙa gimbirinsa ga ɗansa Husam. Ya rasu a watan Agusta na wannan shekarar.

Bikin Ginawa

An fara bikin Ginawa da kaɗe-kaɗen duniya a 1998, ƙarƙashin jagorancin Neila Tazi, tare da Ma'allam Abdussalam Alikan, ɗan garin, a ɓangaren zaɓen makaɗa. Yawanci a watan Yuni ake yinsa, kwana uku ko huɗu. Babban dandamali yana filin Maulaya Hasan, tsakanin tsohon gari da tashar masunta, wani kuma a bakin rairayi, kuma talaka yana iya tsayawa ya kalla ba tare da ya biya ba. Wannan ne ya sa matasa daga duk faɗin Maroko suke cika garin har wasu su kwana a kan yashi. Tsarin bikin shi ne a haɗa ma'allam da baƙon makaɗi su yi wasa tare. Salif Keita da Oumou Sangaré na Mali sun zo, haka Marcus Miller na Amurka. Annobar korona ta hana taron a 2020 da 2021.

Alherin bikin ba ya ɓuya. Ma'allaman da a da ake ba su sadaka a bakin shago yanzu suna da fasfo cike da tambari, yara suna alfahari da koyon gimbiri, mata ma sun fara riƙe shi a bainar jama'a, kuma a Disamban 2019 UNESCO ta amince da Ginawa cikin al'adun gado na bil'adama. Amma akwai abin da dandamali ba zai iya ɗauka ba. Taken da a lila ake jan sa har sai mai rawa ya samu sauƙi, a kan dandamali ana datse shi cikin 'yan mintuna a ƙara masa jita da ƙaho. Muƙaddama, wadda ita ce uwar daren, ba ta da gurbi a can. Tsofaffin ma'allamai suna kukan cewa ana samun samari masu zafin hannu da ba su iya jera taken dare guda daga farko zuwa ƙarshe ba, kuma kukan nasu yana bisa hanya.

Masu zane da masassaƙa

Zanen Sawira ya fito ne daga gida ɗaya da kiɗanta. Bujuma'a Lahdar, wanda ya shugabanci gidan tarihin garin har rasuwarsa a 1989, shi ake ɗauka uban wannan tafiya. A 1988 wani ɗan ƙasar Danmak, Frédéric Damgaard, ya buɗe ɗakin baje zane a garin, ya fara sayen ayyukan mutanen da ba wanda ya taɓa kiransu masu fasaha: masunta, magina, manoma. Fitacce a cikinsu shi ne Muhammad Tabal, wanda sunansa ma daga ganga ya samo shi, domin da yawon kiɗan Ginawa ya fara. Zanensa cike yake maƙil, ba ya barin ko tafin hannu fili: fuskoki a cikin cikin dabbobi, idanu a jikin ganguna, ɗige-ɗige ja da rawaya da shuɗi, kai ka ce lila ce aka shimfiɗa a kan allo. Akwai kuma Ragragiyya Binhila, mace da ta fara zane da girmanta. Har yau wasu masu zanen suna aiki a rumfunan kasuwar 'yan gwangwan da ke bayan gari, suna amfani da tsofaffin ƙofofi da katakon jirgi.

A ƙarƙashin ganuwar teku, cikin ɗakunan da a da ake ajiye albarushi, masassaƙa ne ke zaune. Itacen da suke aiki da shi sunansa ar'ar, mai ƙamshi, saiwarsa tana da zane kamar idon tsuntsu. Suna yin akwatuna da tebura da farantai, su huda su cusa guntayen itacen lemo da bawon kawa da zaren azurfa, su goge har ya yi sheƙi. Yawan saran itacen ya sa ya yi ƙaranci, hukuma ta sa masa takunkumi, kuma tsadarsa tana matsa wa ƙananan masu sana'ar.

Sauran bukukuwa

Ƙungiyar Essaouira-Mogador, wadda André Azoulay ya kafa a 1992, tana shirya taruka biyu a gidan al'adu na Dar Suwiri. Shi Azoulay Bayahude ne haifaffen garin kuma mai ba Sarkin Maroko shawara. Ɗaya taron na kiɗan gargajiyar Turai ne a bazara, ɗayan kuma, wanda aka fara a 2003, na kiɗan Andalus ne a kaka, inda mawaƙa Musulmi da Yahudawa ke rera waƙa ɗaya, baiti da Larabci baiti da Ibrananci. A watan Satumba Yahudawa 'yan asalin garin kan dawo ziyarar kabarin malaminsu Haim Pinto, wanda ya rasu a 1845. A Janairun 2020 Sarki Muhammadu na Shida ya ziyarci Baitul Zakira, tsohon wurin ibadarsu da aka mayar gidan adana tarihi.

Bikin da ya girmi duk waɗannan shi ne zagayen Ragraga. Ragraga zuriya ce da ke riƙe da labarin cewa kakanninsu bakwai sun je wurin Manzon Allah suka dawo wa ƙasarsu da Musulunci. Kowace shekara, daga wajen 20 ga Maris, sukan fita zagayen kusan kwana 40 suna ziyartar kaburburan waliyyai 44 a ƙasar Shiyadma. Muƙaddaminsu yana kan farar goɗiya, raƙumi yana ɗauke da tantinsu, duk inda suka sauka kasuwa ta ci. Manoma suna jiransu domin addu'ar albarkar gona. Ranar da suka shigo Sawira a watan Afrilu, gidaje kan fito da manyan akusan kuskus da sai mutum huɗu sun ɗauka, ana raba wa kowa, ɗan gari da baƙo.

Su kuwa Ginawa, nasu babban taron na cikin gida a watan Sha'aban yake, kafin azumi ya rufe fage. A lokacin ne ake zagaya gari da ganguna da tutoci ana karɓar gudummawa, a yi yanka, a koma zawiyyar Sayyidina Bilal a kwana ana kiɗa, ba lasifika, ba tikiti, ma'allam yana zaune a kan tabarma da bayansa jingine da bango.