Masu nishaɗantar da sojoji a fagen daga

Masu nishaɗantar da sojoji su ne mawaƙa, makaɗa, 'yan barkwanci da 'yan wasan kwaikwayo da ake kwasa lokacin yaƙi a bi da su bariki-bariki, asibiti-asibiti, wani sa'in har bakin daga a wata ƙasa, don su ɗebe ma soja kewa. Iri biyu ne, duk da mutane suna yawan haɗa su waje guda. Akwai farar hula da ake gayyata su je su yi wasa su koma gida, sannan akwai wanda shi kanshi soja ne, da lambarshi da kakinshi, albashin kurtu ko kofur yake karɓa, kawai dai hafsoshi sun lura yana da murya ko ya iya sa mutane dariya sai aka ce to aikinka ke nan. Mu nan Sudan in aka ɗauko zancen nan sunan da dattawa ke fara kamawa shi ne Aisha Falatiya, za mu zo kanta.

Dalilin abin ba boyayye ba ne. Mafi yawan ranakun soja ba harbi yake ba, jira yake, a cikin rami ko tanti, wasiƙar gida ta yi wata biyu ba ta iso ba, abinci kullum iri ɗaya, kuma zaman nan shi ke cin zuciyar mutum tun kafin harsashi ya same shi. Manyan hafsoshi sun gane haka tun Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1917 wani kyaftin ɗan Kanada, Merton Plunkett, ya tsinto sojoji daga runduna ta 3 ta ƙasarsu a Faransa ya haɗa ƙungiyar da ake ce ma Dumbells, kuma da yake babu mata a wajen, maza ne ke sa kayan mata su fito a dandamali. A 1918 kuma 'yan badujalar rejimanti ta 369, baƙaƙen fata daga Harlem ƙarƙashin James Reese Europe, suka zaga garuruwan Faransa suna kiɗa, da yawan Faransawa a bakinsu suka fara jin kiɗan jaz.

Yaƙin Duniya na Biyu

A yaƙin Hitila ne abin ya zama hukuma sosai. Ingila ta kafa hukumar nishaɗantar da sojojinta mai suna ENSA a 1939, Basil Dean da Leslie Henson ne suka assasa ta, Amurka kuma ta kafa tata, USO, a watan Fabrairu 1941. Su waɗannan farar hula suke turawa, irin su mawaƙiya Vera Lynn da ta je har Bama a 1944. Amma farar hula yana da iyaka, akwai wajen da ba za a bar shi ya taka ba sabida sirri ko sabida igwa na sauka kusa, shi ya sa sojan Ingila suka yi nasu na cikin gida, Stars in Battledress, wato taurari cikin kaki. Su kam ba a neman yardarsu, oda ce, a cika su a bayan babbar mota da fiyano da labule, inda aka tsaya a sauke marfin baya ya zama dandamali. Sojan sama su ma suna da nasu ƙarƙashin Ralph Reader, a ciki ɗan wasan fim Peter Sellers ya zaga Indiya da Bama yana buga ganga tun duniya ba ta san shi ba.

Mafi girma a irin wannan shi ne wasan This Is the Army na Irving Berlin, da aka buɗe a New York ranar 4 ga Yuli 1942 da sojoji sama da 300. Daga baya aka rage su aka tsallaka da su Landan a Nuwamba 1943, sai Italiya, Masar, Iran, har tsibiran tekun Pasifik, ba a rufe ba sai Oktoba 1945. Abin da ya fi burge ni a labarinsu, a lokacin sojan Amurka a rabe suke, baƙi daban fari daban, sai 1948 aka ba da umarnin soke wannan, amma a ƙungiyar nan baƙi da fari tare suke aiki tare suke tafiya. Kuma aikin ba wasa ba ne, wasu ba su dawo ba, Manjo Glenn Miller mai badujalar sojan saman Amurka jirginshi ya ɓace a kan teku tsakanin Ingila da Faransa ranar 15 ga Disamba 1944, har yau ba a gan shi ba.

Saudiyya, 1990

Waɗanda suka zauna Saudiyya lokacin rikicin Kuwait za su tuna yadda ƙasar ta cika da sojan Amurka. A Disamba 1990 ɗan barkwancin Amurka Bob Hope, wanda tun 1941 yake wannan yawo, ya zo yana da shekara 87, kuma ita ce tafiyarshi ta ƙarshe irin wannan. Sabida dokar ƙasa matan da ya zo da su sai a Bahrain suka yi wasa, matarshi Dolores ce kaɗai ta yi waƙa a cikin Saudiyya.

Namu na Sudan

A Yuli 1940 sojan Italiya suka shigo daga Iritiriya suka kama Kassala, sai Janairu 1941 aka ƙwato ta, daga nan aka wuce zuwa duwatsun Keren a Iritiriya inda aka yi ɓarin wuta daga Fabrairu har ƙarshen Maris. Rundunar Tsaron Sudan, wadda aka kafa a 1925, da ita aka yi yaƙin Iritiriya da Habasha, daga baya kuma aka tura su Kufra a hamadar Libiya, suna jan motocin kaya daga Wadi Halfa cikin rairayin da ba ruwa ba inuwa. To waɗannan samarin ba fiyano suke so ba, ba barkwancin Landan ba, dalluka, gangar matan Sudan, suke so su ji da muryar da suka saba ji a gidan biki.

A nan Aisha Musa Ahmad ta shigo. Uwarta Bahaushiya ce, ubanta Bafulatani, daga Najeriya suka zo kamar kakanninmu da yawa da suka biyo hanyar hajji suka yada zango, an haife ta a Kassala ta tashi a Omdurman, kuma sunan Falatiya daga Fallata ne, sunan da ake kiranmu da shi gaba ɗaya ko kai Bahaushe ne ko Bafulatani ko Babarbare. Mahaifinta malamin allo ne, a gabanshi ta yi karatun Alƙur'ani, kuma bai so waƙar nan ba ko kaɗan sabida a zamanin mace mawaƙiya ba a ganinta da mutunci, har aure aka yi mata don ta bari amma ba ta bari ba. Ta fara daga gidajen biki, ta je Alƙahira aka ɗauki muryarta a faifan garmaho, da yaƙi ya zo aka kai ta tana yi ma sojan Sudan waƙa a inda suke, gabashin Afirka da arewacinta. Ita ba soja ba ce, ba ta da lamba, amma ni a ganina ta fi kusa da waɗancan masu kakin fiye da taurarin da ake gayyata, don 'ya'yan unguwarsu ne take yi ma waƙa. Ita ce kuma mace ta farko da ta yi waƙa a Rediyon Omdurman, gidan da Turawa suka buɗe a 1940 musamman don labaran yaƙi, 'yar'uwarta Jidawiyya na kaɗa mata udu.

Waƙarta ta lokacin da ta fi zama a bakin mutane ita ce Yiju Aydin, ma'ana Allah ya dawo da su, addu'a ce ta mata ga mazan da suka tafi, har da sunan Keren a ciki da motoci masu sulke. Ni a bakin kakata na fara jinta a Gadarif, tana zaune a kan angareb, gadon nan na igiya, tana soya buni a kasko za ta haɗa jabana, wato gahawa, tana rerawa ƙasa-ƙasa da Larabcinta mai gardin Hausa, in ta kai wajen dawowar sai ta dakata da juya bunin ta ce amin, duk da yaƙin ya ƙare tun tana budurwa. Aisha ta yi waƙa da Larabci ta yi da Hausa, ta rasu a Omdurman a 1974, kuma har gobe in an sako waƙar nan a rediyo za ka ga tsofaffin mata sun ɗauki amshi tun kafin baitin farko ya ƙare.